Tsarkiya Takwas a Kan Ƙwarya: Sharhi Game da Ƙera Sabon Abin Kiɗa a Ƙasar Kurfai

Duk wanda ya natsu ya dubi kayan kiɗan tsarkiya da ake kaɗawa da yatsa a ƙasar Kurfai da maƙwabtanta, tun daga Filinge har a gangaro cikin Dallol Boso zuwa Bonkuku da Baleyara, zai tarar da cewa al'ummu huɗu da suka zauna wannan kwari, duk da bambancin harshe da ke tsakaninsu da kuma tarihin da bai rasa yaƙi da sulhu ba, sun yi ittifaƙi a kan siffa guda ta abin kiɗa ba tare da sun taɓa zaman shawara a kanta ba. Kurfayawa, kamar sauran Hausawa, sun san molo da gurmi da garaya, Zabarmawan Tondikandiya suna da nasu molon wanda jasare ke riƙewa yayin da yake jero asalin sarakuna, Buzayen Imanan da Tagazar suna da tahardant, Fulani kuma suna da hoddu; dukkansu kuwa ƙwarya ce ko itacen da aka fafe, a rufe bakinsa da fata, a soka sanda, a ɗaura tsarkiya. Mas'alar da nake son in warware a nan ita ce: idan wani kafinta ko makaɗi na wannan ƙasa ya ga mandolin, ƙaramin abin kiɗan nan na Turai mai tsarkiya takwas, ya ƙudura niyyar ƙera ɗan'uwansa da hannunsa, da kayan da ƙasarsa ta ba shi, me ya kamata ya ara, me ya kamata ya riƙe, kuma a ina aikin zai fi ba shi wuya?

Mandolin dai a ƙasar Italiya ya sami siffar da aka fi saninsa da ita, a birnin Napoli cikin ƙarni na 18, a hannun iyalan masassaƙa irin su gidan Vinaccia. Tsarkiyoyinsa takwas ne, amma biyu-biyu suke tafiya, kowace biyu da murya ɗaya, tsawon abin da ke kaɗawa a cikinsu bai wuce santimita 33 zuwa 35 ba, kuma da ɗan tsinke mai faɗi ake taɓa su. Bai daɗe a kan siffa ɗaya ba. A Amurka Orville Gibson ya karɓi takardar mallakar fasaha a 1898 a kan wani salo da ake sassaƙa fuska da baya daga katako mai kauri, su yi ɗan tudu, maimakon tulun cikin da mutanen Napoli ke haɗawa da siraran katakai. Abin da ya fi kusa da mu kuwa a birnin Aljaza'ir ya faru, inda Alhaji Muhammad al-Anka, jagoran kiɗan sha'abi, ya ga muryar mandolin ta yi wa waƙarsa siranta, sai ya nemi wani masassaƙi mai suna Bélido a farkon shekarun 1930 suka ƙera babba mai dogon wuya da faɗin ciki, wanda ake kira mandol, wanda har yau shi ne uban kiɗan sha'abi, kuma mawaƙan Kabilawa (Kabyle) suka rungume shi. A daidai wannan zamani, a Istanbul, Zainul Abidin ya fito da jumbush a 1930: cikinsa kwanon alminiyam, fuskarsa fata da ake tamkewa da kusoshi masu murɗawa, wuyansa kuma ana iya cire shi a sa wani. Waɗannan misalai biyu sun isa hujja a kan cewa dangin mandolin ba su taɓa rufe ƙofar ijtihadi ba, kuma kowane sabon reshe ya fito ne daga buƙatar wani mawaƙi wanda abin da ke hannunsa ya kasa ɗaukar muryarsa.

Mu ma a nan gwaji ba baƙo ba ne, ko da yake wasu masu kishin gargajiya suna magana kamar molo daga sama ya faɗo da siffarsa. Kuntigin da marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya zagaya duniya da shi, gwangwanin kifi ne da aka rufe da fatar akuya, ga shi kuwa gwangwanin kifi bai zo ƙasar Hausa ba sai da fataucin Turawa; wato wani mutum ne, wata rana, ya ɗauki abin da aka yar a juji ya ƙwanƙwasa shi ya saurara. Tsarkiyar izgar doki da kakanni suka sani ta ba zaren roba na masunta wuri a mafi yawan garuruwa, saboda ya fi arha, ya fi jure gumi, kuma ana samunsa da kauri iri-iri. Mdou Moctar, ɗan Nijar da ake sauraro yau a Turai da Amurka, da wayar birkin keke ya yi tsarkiyar garayarsa ta zamani, wato jita, ta farko. A Mali kuma Bassekou Kouyaté ya ƙara wa ngoni tsarkiyoyi, ya kafa ƙungiya da ngoni manya da ƙanana suke amsa wa juna. Abin da muke kira gado a wannan sana'a, idan aka bi diddiginsa, tarin gwaje-gwaje ne waɗanda suka yi nasara har aka manta da sunayen masu su.

Sai dai wanda ya ɗauka cewa zai samo ƙwarya mai kyau, ya rufe ta da fata, ya jera mata tsarkiyoyin ƙarfe takwas, shi ke nan ya sami mandolin na Kurfai, to zai gamu da wata ƙa'ida wadda ba ta jin lallashi. Muryar tsarkiya a kan abubuwa uku take rataye: tsawonta, da nauyinta, da ƙarfin ɗaurinta. Malaman hisabi na Musulmi irin su al-Kindi da al-Farabi sun yi dogon bayani a kan rabon tsawo, sannan wani malamin Faransa, Marin Mersenne, ya tsara ƙa'idar a littafinsa na 1636. Idan ka raba tsawon tsarkiya biyu, girgizarta za ta ninka, muryar ta koma irin ta farko amma a sama. Idan kuwa da ɗauri kake son ka ninka girgizar, sai ka ja ta da ƙarfi har ninki huɗu. Mandolin gajere ne, tsarkiyarsa ƙarfe ce mai nauyi, kuma ana so ta yi murya siririya, har ɗaya daga cikin tagwayen tana girgiza sau 440 a daƙiƙa guda. Saboda haka jimillar jan da tsarkiyoyin takwas ke yi ya kan kai nauyin kilo 70 zuwa 80, wato kamar a rataya wa ɗan wannan abu babban buhun hatsi dare da rana, ba saukewa. Molo mai tsarkiyar roba uku ba ya ɗaukar ko kusa da wannan. Sandar da aka soka ƙarƙashin fata za ta lanƙwashe, igiyoyin fata da ake zamewa a wuya don daidaita murya za su sulluɓe, jakin da tsarkiya ke hawa zai nutse cikin fata, ƙwaryar kuwa za ta tsage daga inda sanda ta huda ta.

Daga nan hanya ta rabu biyu, kuma kowace tana da farashinta. Ta farko ita ce a riƙe fata a ƙarfafa abin da ke ɗauke da ita, kamar yadda mai jumbush ya yi, kuma kamar yadda Amurkawa suka yi wa mandolin mai fuskar banjo. A nan sanda mai ƙarfi ce za ta ratsa cikin daga wannan gefe zuwa wancan ta ɗauki jan tsarkiya gaba ɗaya, ƙwarya ko kwano kuwa aikinsu tara amo kawai. Masu zubin tukwanen alminiyam, irin waɗanda suka cika kasuwar Katako a Yamai, za su iya zuba kwano da zoben tamke fata daidai gwargwadon da aka nema, kuma ni a ganina wannan ita ce hanyar da ta fi dacewa da mai fara gwaji, domin kayan suna kusa kuma idan abu ya lalace ana sake shi da ɗan kuɗi.

Fata kuwa ilmi ce mai zaman kanta. Ƙasar Filinge ƙasar shanu ce, ga tashar gwajin kiwon shanun Azawak a Tukunus a arewacinta, amma kirgin sa ya yi wa ƙaramin abin kiɗa kauri, yana shanye siririyar murya ya bar gurnani. Fatar akuya ake nema, wadda ba a jeme ba, kuma jar akuyar Maraɗi ta yi suna a duniya saboda laushi da ƙarfin fatarta. Wanda ya taɓa zama kusa da mai haɗa gurmi ya san yadda abin yake: a jiƙa fata ta kwana a ruwa, a kankare gashin da bakin wuƙa har ta yi sumul, a shimfiɗa ta a bakin ƙwarya tana ɗanya, a kafa ƙusa ɗaya gabas ɗaya yamma, ɗaya kudu ɗaya arewa, sannan a riƙa cike tsakani ana ja da ɗan yatsa da babban yatsa, kada gefe guda ya fi wani tsauri; sai a ajiye ta a inuwa, ban da rana, ana zuwa ana ɗan ƙwanƙwasa ta da farce ana jin yadda muryarta ke hawa yayin da take bushewa. Aibinta guda ne, kuma babba ne: tana shan danshin iska. Da damina ta sauka sai ta saki, jaki ya sauka, murya ta dusashe, shi ya sa makaɗa ke kara ta kusa da wuta ko su shanya ta kafin su fara. Mai tsarkiya biyu zai gyara ɗaurinsa nan take, amma mai takwas, waɗanda dole kowace biyu su zama murya ɗaya, zai ƙare darensa wajen daidaitawa, sai fa idan ya yi zoben da ake murɗawa a ƙara wa fata tsauri.

Hanya ta biyu ita ce fuskar katako, kuma a nan ne ƙasarmu take da ƙarancin abin da ake buƙata. Turawa suna yin fuskar mandolin da wani itacen ƙasashen sanyi mai sauƙin nauyi ƙwarai amma mai tsauri a tsawonsa, su fere shi har kaurinsa ya koma milimita biyu zuwa uku, su tallafe shi daga ciki da ƴan sanduna. Itatuwan Sahel kuwa an halicce su ne don jure fari, sai suka zama ko dai masu nauyi da tauri, irin su ƙirya da aduwa da marke, ko masu taushi marasa ƙarfi irin su dashi. Masu taurin suna da gurbinsu: aduwa, wadda ake sassaƙa allo da ƙotar fartanya da ita, ta dace da wuya da jaki, maɗaci kuma ɗan'uwan katakon nan ne da masu ƙera kayan kiɗa na duniya ke yin baya da wuya da shi. Fuska ce dai sai an nemi farin katako mara nauyi da ake kawowa daga kurmi, a zaɓi wanda zarensa ya miƙe, a riƙe shi da yatsu biyu a ƙwanƙwasa, wanda ya yi amo mai tsawo shi ne abin nema. Ya kamata kuma mai wannan aiki ya tuna cewa gawo da maɗaci da wasu manyan itatuwa suna ƙarƙashin kariyar hukumar gandun daji, kuma gawon da ke tsaye a gonar Dallol yana ciyar da ƙasa da dabbobi fiye da yadda zai ciyar da kunne. Tsohon katako da ya shekara goma yana bushewa a ƙyauren ɗaki ko ƙafar gado ya fi ɗanyen da aka saro jiya ta kowace fuska.

Akwai wata fa'ida da yanayin ƙasar ke ba mai ƙira a nan wadda takwaransa na Turai ba shi da ita. Katako yana kumbura da danshi, yana tsukewa da bushewa, kuma tsukewar ce ke tsaga shi. Abin kiɗan da aka haɗa a Turai, inda ake tsare danshin ɗakin aiki a wajen kashi 45 zuwa 50 cikin ɗari, idan ya gamu da hunturu a Filinge, lokacin da danshin iska kan faɗi ƙasa da kashi 20, sai fuskarsa ta tsage, manne ya saki. Wanda aka haɗa a tsakiyar rani kuwa ya riga ya kai ƙarshen tsukewarsa, abin da damina za ta yi masa kumburi ne kaɗan, wanda ya fi sauƙin jurewa. Don haka a yanka a fere a kowane lokaci, amma kada a manna fuska sai iska ta bushe sarai. Farin gam na kafintoci yana saki a hankali idan zafi ya haura digiri 40 alhali tsarkiya tana ja. Mannen da ake dafawa daga yankakkun fata da jijiya ya fi shi tsayawa, ga shi kuma ana iya narkar da shi da ɗumi da ruwa idan gyara ya taso.

Duk abin da ya gabata aikin hannu ne, mai haƙuri zai ƙware a kansa. Abin da na fi ba muhimmanci, wanda kuma nake ganin a kansa ne gwajin zai tsaya ko ya faɗi, shi ne ƙananan ƙarafan nan da ake gittawa a wuyan mandolin, inda yatsa ke danne tsarkiya. Hisabinsu sananne ne: a raba tsawon tsarkiya da 17.817, abin da ya fito shi ne nisan ƙarfe na farko, sannan a raba ragowar tsawon da wannan adadi a sami na biyu, haka har ƙarshe. A tsarkiya mai santimita 35, na farko zai zauna a milimita 19.6, na biyu ya ƙara wajen 18.5, na goma sha biyu ya faɗa daidai tsakiya, a santimita 17.5, idan bai faɗa nan ba, to an yi kuskure a lissafi ko a zarto. Wannan rabo ya yanka tazarar murya kashi goma sha biyu daidai wa daida, kuma nizami ne da Turawa suka zaɓa domin kiɗansu na haɗa muryoyi da yawa a lokaci guda. Molo da gurmi ba su da ko ɗaya, wuyansu sumul yake, kuma hakan ba gazawar magabata ba ce. Hausa harshe ne mai karin sauti, ma'anar kalma tana canjawa da hawa da saukar murya, da yawa daga waƙoƙinmu a kan muryoyi biyar suke tafiya, kuma makaɗin da ya isa makaɗi yana sa tsarkiya ta faɗi kirarin mutum har na kusa su gane wanda ake nufi ba tare da an buɗe baki ba. Yana yin haka ne da zamewar yatsa, da ɗan ragi da ɗan ƙari waɗanda ƙarfen da aka kafe ba zai bari ba. Wanda ya kwafi ƙarafa goma sha biyu bisa taƙlidi zai sami abin da ke bin garaya ta zamani da molon lantarki a dandali, amma zai iske ya yi tsit idan aka ce ya yi kirari.

Mafita tana nan a cikin gadon malaman da muka ambata. Ud ɗin da al-Farabi ya siffanta a babban littafinsa na kiɗa yana da ɗaure-ɗauren zare a wuya, waɗanda ake kira dasatin, kuma har yau saz na Turkawa da zaren roba ake ɗaure masa su, ana matsar da su sama ko ƙasa gwargwadon abin da waƙa ta nema. Mai gwaji a Kurfai zai iya ɗaura biyar ko bakwai kawai, ya zauna da tsohon makaɗin molo, wannan ya kaɗa, wancan ya matsar da zare har muryoyin biyu su haɗu, sannan ya auna inda kowane ya tsaya ya rubuta. Sharaɗin wannan shi ne tsarkiyar ta zama ta roba ko siririn ƙarfe mai sassaucin ɗauri, domin ƙarfe mai tsauri zai yanke zaren. Kuma hakan yana rage nauyin da fuska ke ɗauka, sai ya zama an magance matsala biyu da dabara guda. Idan aka ƙara tsawon tsarkiya zuwa santimita 50 ko sama da haka, kamar yadda al-Anka ya yi, muryar za ta sauko ta yi kusa da ta namiji mai waƙa, wadda ita ce molo ya saba rakawa.

Game da tagwayen tsarkiya kuwa, ina ganin a nan ne aron zai fi karɓuwa. Tsarkiya biyu ba sa taɓa zama ɗaya sak, ɗan saɓanin da ke tsakaninsu yana haifar da wani ƙyalli da rawar murya, kunnenmu kuma ya daɗe da son irin wannan, shi ya sa ake kafa ceba mai zobba a kan garaya don ta riƙa zuga amo. Ban ga dalilin da zai sa sabon abin kiɗan ya rasa cebarsa ba, ko ya rasa gajeruwar tsarkiyar nan da babban yatsa ke bugawa tana riƙe da kiɗan. Tagwaye uku da gajeruwa ɗaya sun fi takwas dacewa da hannun da ya tashi da molo. Abin da babu makawa sai an ara shi ne kunnuwan ƙarfe masu haƙora na ɗaure tsarkiya, waɗanda ake cirewa daga tsohuwar garaya ta zamani, domin igiyar fata ba za ta riƙe tagwaye a murya ɗaya ba.

Ba zan wuce ba tare da ambaton cewa malamanmu sun yi magana a kan kayan tsarkiya ba. Mai littafin Risala ya hana sauraron malahi, wato kayan kiɗan shagala, da gangan, Imam al-Gazali, wanda ya sassauta a babin sama'i, ya ware masu tsarkiya saboda sun zama alamar mashaya a zamaninsa, Shehu Usmanu da almajiransa sun tsananta a kansu, Ibn Hazam kuwa ya tafi a kan halasci. Saɓani ne tsoho, hukuncinsa na ma'abota fiƙihu ne, kowa kuma ya san malamin da yake bi. Abin da ya shafi wannan sharhi shi ne tasirinsa ga sana'ar: ya sa ta zauna a hannun gidaje ƙalilan, masu karatu suka nisance ta, aka wayi gari babu wanda ya rubuta ma'auninta.

Illar wannan ta bayyana a kan biram, abin kiɗan tsarkiya na Buduma na tafkin Cadi, wanda ya kusa ɓacewa har sai da marigayi Malam Mamman Barka, gwanin gurmi da ya rasu a 2018, ya tafi ya zauna wurin tsohon gwaninsa Bukar Tar ya koyo shi. Akwai tarin kayan kiɗa a cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya da ke Yamai da kuma gidan tarihi na Bubu Hama, kuma mai son wannan aiki zai ƙaru ƙwarai idan ya je da ma'auninsa ya auna tsawon tsarkiya da faɗin baki da zurfin ciki da tsayin jaki na kowane molo da aka yarje masa ya taɓa, tun kafin ya sa zarto a katako. Bayan haka ya riƙe littafi, ya canja abu ɗaya tak a kowane gwaji: yau jakin aduwa, gobe na ƙashi, yau ramin amo a tsakiya, gobe a gefe, domin idan ya canja fata da tsarkiya da jaki a lokaci guda muryar ta gyaru, ba zai san wanne ya gyara ta ba, kuma ba zai iya maimaita ta ga almajirinsa ba. Na farko da zai haɗa ya zama mai kwanon alminiyam da tagwaye biyu na roba, ya bar shi ya ga rani ɗaya da damina ɗaya a hannun makaɗi mai zuwa biki, sannan ya duba inda wuya ya karkata da inda fata ta saki kafin ya sayi katakon na biyu.